Neman kalma: me za mu kira renewable a darasin albarkatun ƙasa?

Malama Mai Alli:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ina shirya wa 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ɗan bayani da Hausa kan yadda ɗan'adam yake cin albarkatun ƙasa da irin tabon da yake barin wa muhalli. Littafin Turanci ya kasa albarkatun gida biyu, renewable da non-renewable, to na farkon nan ne ya cije mini. A rediyo ina jin "makamashi mai sabuntawa", a wata takardar jarrabawa kuma na ga "albarkatu marasa ƙarewa". Abubuwan da ke cikin jerin su ne hasken rana, iska, ruwa, daji, kifi da ƙasar noma. Kalma nake so wadda za ta ɗauke su duka, wadda yaro ɗan shekara 13 zai ji ya gane ba sai an sake fassara masa fassarar ba.

Tsohon Hedimasta:
Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki wahalar da kanki, "marasa ƙarewa" ta wadatar. Ba ta da nauyi a baki, ga kishiyarta a kusa, masu ƙarewa. Da ita muka koyar, yaran kuma sun ci jarrabawa.

Jikan Sarkin Ruwa:
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, ba jayayya nake yi da kai ba, amma ranar da aka rubuta wa yaro cewa kifi ba ya ƙarewa, masunta ne za su fara ƙaryata littafin. In ba ya ƙarewa, me ya sa tun kaka da kakanni ake rufe ruwa? A Argungu ba mai shiga Matan Fada da homa da gora sai ranar da aka buɗe, kuma ba don a burge baƙi kaɗai aka yi wannan dokar ba. Kifin ake bari ya yi ƙwai ya girma.

In kuma ana ganin kogi ne ƙarami, ga teku. A gabashin Kanada akwai wani kifi da ake kira kod, an yi kusan shekara 500 ana kamunsa da ƙugiya da ƙananan jirage, kullum yana nan. Da aka shigo da manyan jirage masu jan raga har ƙasan teku, a 1968 kaɗai sun kwashi fiye da tan 800,000. A Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba sana'a. Da farko cewa aka yi hanin na shekara 2 ne, kafin nan kifi ya dawo. Bai dawo ba. Sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma ɗan kaso kaɗan. Kuma wannan kifin a layin renewable yake a kowane littafi.

Ɗalibin Nahawu:
Malama, ni wadda ake faɗa a rediyon ce take sosa mini kunne. Mai sabuntawa shi ne wanda yake sabunta wani abu, kamar mai sabunta lasisi. To rana me take sabuntawa? Abin da Bature yake nufi da ɗan wutsiyar nan ta ƙarshen kalmarsa, wato -able, Hausa tana da nata tun fil'azal: gyara da gyaruwa, ɗinka da ɗinkuwa, yi da yiwuwa. Saboda haka in dai daga "sabo" za a ƙera kalmar, "masu sabuntuwa" ce daidai. Wasali ɗaya ne tsakani, amma shi ya raba mai yi da wanda aka yi wa.

Mai Fassara:
Ɗan'uwa, a nahawu ka yi gaskiya, da yawanmu ma sabuntuwa muke cewa yanzu. Abin da nake so Malama ta duba shi ne kalmar ta riga ta shiga kunnen jama'a. Duk taron sauyin yanayi da aka yi, da ita ake ba da labarinsa. In yaro ya koyi wata a aji ya koma gida ya ji wata a rediyon babansa, mu muka raba masa hankali. Kalmar da ta yi shekaru tana yawo, ko da ɗan ɗingishi take yi, ta fi sabuwar da ba wanda ya san ta.

Malama Mai Alli:
Yaya Mai Fassara, na ji wannan, kuma hujja ce. Ga inda nake tsoro. Abu mai gyaruwa sai da mai gyara, mai ɗinkuwa sai da tela. In na ce daji mai sabuntuwa ne, abin da zai zo wa yaro shi ne akwai wani ma'aikaci da zai zo ya sabunta shi, kamar yadda ake sabunta fentin aji. Daga nan sai ya ɗauka aikin gwamnati ne, a sare, su za su dasa. Alhali abin da darasin yake son nunawa shi ne abin da kansa yake mayar da abin da aka ɗiba, in an ba shi dama.

Malamin Arabiyya:
Larabawa "mutajaddida" suke cewa, tushe ɗaya da mujaddadi da tajdidi, kuma sigar tana nuna abin da kansa yake sake zama sabo, wato daidai abin da Malama take nema. Sai dai kada wani ya ce mu aro. Jaddada ta shigo Hausa ta kama wani aikin, yanzu nanatawa take nufi, "shugaba ya jaddada aniyarsa". Masu jaddaduwa ba za ta kai mu ko'ina ba. Na faɗa ne don a rufe wannan ƙofar tun kafin a ɓata lokaci a kanta.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, an rufe. Gaisuwa ga kowa daga wannan gefen iyaka. Mu a lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci aka koya muna, renouvelable, malami ya rubuta mu kwafe, ba wanda ya tambayi mine ne Hausarta. Amma manomanmu suna da abin da nike ganin zai amfani Malama.

Bayan farin 1973 da na 1984 gonakin Maraɗi da Damagaram sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi har sai an yi ta maimaita shibka. An kashe kuɗi da yawa wajen dashen itace, mafi yawa suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai cikin ƙasa. Sai aka fara cewa manomi, in ka zo sassabe kada ka aske duka, zaɓi biyu ko ukku masu ƙarfi a kowane kututture ka bari, ka rage sauran. Sunan da aka sa wa abin shi ne sassaben zamani. Ba gandun reno, ba ban ruwa, wuƙa ce kawai da haƙuri. Da wannan aka maido itace a fili kimanin hekta miliyan 5, ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200: gawo, kalgo, sabara da sauransu. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, bai hana hatsi rana, ga taki ga abincin dabbobi da rani.

Abin lura, ba wanda ya sabunta dajin nan. Hannu aka ɗauke, itace ya komo. Don haka ni shawarata "albarkatu masu toho". Duk ɗan da ya taɓa zuwa gona ya san toho, ya kuma san in aka tumɓuke saiwa ba sauran toho.

Malama Mai Alli:
Kai, wannan ta yi mini daɗi ƙwarai. Sharaɗin yana cikin kalmar.

Injiniyan Burtsatse:
Ta yi daɗi, Malama, amma a kan tsiro ta tsaya. Rana ba ta toho, iska ba ta toho, kifi ma sai an ja kalmar da ƙarfi. Ruwa kuwa, wanda shi ne sana'ata, ko kusa.

Tunda na shigo, bari in roƙi alfarma a kan ruwan, don littattafai suna jefa shi a layi ɗaya kamar duk iri ɗaya ne. Rijiyar fadama in an yashe ta da yamma, da safe ruwa ya dawo, kowace damina kuma ƙasa tana sake sha. Amma ruwan da Libiya take jawowa daga ƙarƙashin Sahara zuwa biranen bakin teku, aikin da aka fara a 1984, ya taru ne tun dubban shekaru da suka wuce lokacin da ake ruwan sama a wurin. Yau kusan babu abin da yake sauka ya maye gurbinsa. Ruwa ne a ido, amma hukuncinsa na man fetur ne, abin da aka zuƙe ya tafi.

Akwai kuma wanda yake dawowa amma mutum ya sauya masa hanya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara ta ragu, lokacinta ma ya sauya. Kano ta sami ruwan sha da noman rani a Kadawa, wannan ba a musu. Can ƙasa kuma, da ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara a wasu rassan maimakon ya zo ya janye, sai kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya suna cinye shinkafa. Ruwan sama bai daina zuwa ba, amma masunci da makiyayi da manomin can ba su ga abin da suka saba gani ba.

Jikan Sarkin Ruwa:
Injiniya, ƙara da Tafkin Chadi. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, a tsakiyar shekarun 1980 ya koma ƙasa da 2,000. Sai dai Malama, in za ki ba da shi misali kada ki ɗora wa ɗan'adam laifin duka, kamar yadda wasu suke yi don labari ya yi armashi. Fari ne babban dalili, don mafi yawan ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, ɗibar ruwan noma ta zo ta ƙara. Da damuna suka gyaru wani sashe ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Su kuwa magudanan babban aikin noman rani da aka gina a yankin Marte da lissafin tsohon bakin tafki, ruwa ya janye ya bar su a tudu.

Tsohon Hedimasta:
To, na saurara, kuma na janye tawa, kifin Kanada ya kashe bakina. Amma ku 'yan boko kuna ta neman kalma a sama alhali tana bakinku. Ku koma ku karanta abin da kuka rubuta. Jikana masunci ya ce an jira kifi ya dawo, bai dawo ba. Na Maraɗi ya ce itace ya komo. Injiniya ya ce da safe ruwa ya dawo. Duk wanda ya bar fassara ya shiga ba da labari da harshensa, dawowa yake cewa. Me zai hana a ce albarkatu masu dawowa da marasa dawowa? Rana ta faɗi ta dawo, damina ta dawo, ciyawa ta dawo. Zinariyar da aka haƙe ba ta dawowa. Kuma ba Bahaushen da bai san cewa mai dawowa yana iya daɗewa, yana iya kuma ƙin dawowa ba.

Mai Fassara:
Baba, ranka ya daɗe, a aji za ta yi. Amma ranar da na ce "makamashi mai dawowa" a labarai, rabin masu sauraro za su ɗauka wutar da aka ɗauke tun jiya ce ake musu albishir da ita. Ni dai a kan lantarkin rana da na iska da na madatsu irin Kainji da Shiroro, ina nan kan sabuntuwa.

Ɗalibin Nahawu:
Ni ma ina da ƙorafi ɗaya, Baba. Yaro mai wayo zai ce ai man fetur ma yana dawowa, tunda an koya masa daga matattun halittu yake samuwa, kuma har gobe halittu suna mutuwa.

Injiniyan Burtsatse:
Sai a ce masa ya jira, shekara miliyoyi ne kawai. Wannan ba laifin kalmar Baba ba ne, ita ma ta Turancin haka take, sai an ɗaura mata ma'auni. Ma'aunin shi ne rayuwar mutum: abin da zai dawo kai ko ɗanka ku gani.

'Yar Bukuru:
Iyaye da yayye, tunda an karkata ga dawowa, bari in yi magana a kan ɗaya gefen, don mu a cikinsa muka tashi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a tudun Jos, har Najeriya ta shiga sahun manyan masu fitar da ita a duniya. Kamfanonin sun tafi. Abin da ya rage a Bukuru da Barikin Ladi da Rayfield shi ne tsibin jar ƙasa da tafkunan haƙa masu zurfi, waɗanda suke cin yara da dabbobi. A Nijar ma, mahaƙar yuraniyom ta Cominak da ke Akokan kusa da Arlit ta fara aiki a 1978, aka rufe ta a Maris na 2021 don abin da ke ƙasa ya ƙare, aka bar garin da tsibin dusar ma'adini.

Abin da nake so ya fito a darasin, Malama, shi ne haƙar marasa dawowa ba a kanta kaɗai take tsayawa ba, tana jan masu dawowa su bi ta. Gonar da aka ƙwaƙule don kuza da wuya ta sake zama gona. A Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani, don in an yi wa yaro magani ya koma wasa a wurin, gubar ce za ta sake shiga. In aka raba allo gida biyu aka ja layi a tsakani, yaro ba zai ga wannan ba.

Bataraben Gashaka:
A taimaka mini da madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid. Shekarun baya tirela-tirela aka yi ta lodinta daga Taraba da Adamawa zuwa tashar jirgin ruwa, a kai Sin a yi kujeru, har sai da aka sa ta a jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido tsakanin ƙasashe a 2017. Itacen da yake shekaru gommai kafin ya isa yanka, aka share manyansa cikin 'yan shekaru. Wannan mai dawowa ce ko marar dawowa?

Tsohon Hedimasta:
Mai dawowa ce da aka hana ta dawowa, ɗana. Ɗan kasuwa zai gane ta da wuri: riba ake ci, ba a taɓa uwar kuɗi. Abin da daji ya ƙara a shekara shi ne riba. Masu madrid uwar kuɗin suka loda a tirela.

Malama Mai Alli:
Baba, Allah ya saka da alheri, ka ba ni kalmar. Ga yadda zan rubuta, a gyara mini in da gyara.

Albarkatu masu dawowa su ne waɗanda in an ɗiba suke mayar da kansu a cikin tsawon rayuwar mutum. Wasu suna dawowa ko mun so ko mun ƙi, kamar hasken rana da iska. Wasu kuma sai in ɗibar ba ta fi dawowar sauri ba, kamar daji, kifi, makiyaya da ruwan rijiya. Marasa dawowa su ne irin su man fetur, kwal, kuza, zinariya da yuraniyom.

A ƙasa zan ƙara layi ɗaya cewa a rediyo za su ji ana kiran lantarkin rana da na iska makamashi mai sabuntuwa, abu ɗaya ake nufi, don kada Yaya Mai Fassara ya ce na raba yara da iyayensu. Kalmar Turancin ma dole in rubuta musu ita, tunda da ita za a tambaye su a jarrabawa. Toho kuma ba zan yar da ita ba, da ita zan buɗe sashen daji.

Ɗan Maraɗi:
Madalla. Mu nan da Katsina da Sakkwato komowa za ta fi zama a baki, amma ba wanda zai kasa gane dawowa. Sai dai ban ga ƙasar noma a jerinki ba, Malama, alhali tana cikin tambayarki ta farko.

Malama Mai Alli:
Da gangan na tsallake ta, don na rasa layinta. Gonar da ta gaji in aka bar ta saura, ko aka kai mata taki, ƙarfinta yana dawowa cikin 'yan shekaru. Amma wadda ruwa ya kwashe fa?

Injiniyan Burtsatse:
Raba ta biyu kamar yadda na raba ruwa. Ƙarfin ƙasa ki sa shi cikin masu dawowa da sharaɗi, shi saura da taki da gawo suke maidowa. Jikin ƙasar kuwa, wanda kafin kaurin yatsa ɗaya ya samu daga dutse sai an yi ɗaruruwan shekaru, ki kai shi layin marasa dawowa tare da kuza. In yaran sun yi musu, a nuna musu hoton kwazazzaban Gombe ko na Nanka a Anambra, a tambaye su wace daminar ce za ta cike su.